Darasi na Bakwai: Kuɗin Ɗaukar Mataimaki ga Masu Naƙasa a Ƙasar Suwidin

Akwai rukunin masu naƙasa waɗanda magani ba zai sauya halin da jikinsu yake ciki ba, kuma keken guragu ko sanda ko wata na'ura ba za su wadatar da su ba, domin abin da suke buƙata kullum shi ne hannun wani mutum, wanda zai ɗaga su daga shimfiɗa da safe, ya kai su bayan gida, ya sa musu tufafi, ya ba su abinci a baki, ko ya isar da maganarsu ga wanda bai saba da muryarsu ba. A mafi yawan ƙasashen duniya wannan hidima tana wuyan iyali ne, galibi uwa ko mata ko 'ya, kuma idan iyali suka gaza sai a kai mutum gidan da gwamnati ko wata ƙungiyar jinƙai ta tanada, inda zai riƙa kwana da tashi bisa jadawalin ma'aikata. Wannan darasi zai duba hanya ta uku, wadda ake kira tsarin mataimaki, wato gwamnati ta ware kuɗi daga haraji ta danƙa ikon sarrafa su a hannun mai naƙasan, shi kuma ya ɗauki wanda ya ga dama aiki, ya koya masa yadda yake son a yi masa hidima, ya sallame shi idan bai gamsu da aikinsa ba. An zaɓi ƙasar Suwidin da ke arewacin Turai a matsayin misali saboda tana cikin ƙasashen farko da suka mayar da wannan tsari haƙƙi a cikin doka, kuma shekaru sama da talatin da ta yi tana gudanar da shi sun bayyana amfaninsa da tsadarsa da wuraren da yake da rauni.

Manufar tsarin ita ce abin da masu fafutuka suke kira zaman cin gashin kai. Wannan ba ya nufin mai naƙasa ya yi komai da hannunsa, domin wanda shanyewar jiki ta kama daga wuya zuwa ƙafa ba zai taɓa ɗaura wa kansa takalmi ba. Abin da ake nufi shi ne ya zama shi yake yanke shawarar inda zai zauna, da wanda zai taɓa jikinsa, da lokacin da zai kwanta, da ko zai fita makaranta ko kasuwa ko wurin ibada, kamar yadda kowane baligi mai lafiya yake yi ba tare da neman izini ba.

Asalin tunanin

Tunanin ya samo tushe ne daga Amurka. A shekarar 1962 Jami'ar Kalifoniya da ke garin Berkeley ta karɓi wani ɗalibi mai suna Ed Roberts, wanda cutar shan-inna ta shanye masa jiki yana da shekara 14, har ya zama sai da taimakon wata babbar na'urar numfashi yake kwana. Da yake ɗakunan kwanan ɗalibai ba za su iya ɗaukar na'urar ba, sai aka ba shi masauki a asibitin jami'ar, kuma daga baya wasu ɗalibai masu naƙasa mai tsanani suka biyo sawunsa. Daga cikin wannan rukuni ne aka kafa cibiyar zaman cin gashin kai ta Berkeley a shekarar 1972, wadda masu naƙasa suke tafiyar da ita da kansu, suna koya wa junansu yadda ake neman gida da yadda ake ɗaukar mataimaki.

Wanda ya kai wannan tunani Suwidin shi ne Adolf Ratzka, haifaffen Jamus, wanda shi ma shan-inna ta kama shi a shekarar 1961, ya shafe shekaru biyar a asibiti, sannan ya tafi karatu Kalifoniya, inda ya ɗanɗana zaman mutumin da yake biyan mataimakansa da kansa. Da ya koma Suwidin da zama a shekarar 1973, ya tarar da ƙasa mai yalwar hidimar jin daɗin jama'a, amma wadda hukuma ce take tsara komai: ƙaramar hukuma take aiko ma'aikatan hidimar gida, ita take zaɓar wanda zai zo da lokacin da zai zo, ma'aikatan suna sauyawa a kai a kai, kuma aikinsu ya tsaya ne a cikin ɗaki, ba su raka mutum wurin aiki ko tafiya. Bayan wani taro da aka yi a birnin Stockholm a ƙarshen shekarar 1983, Ratzka da abokansa suka kafa ƙungiyar gama-kai mai suna STIL a 1984, kuma a 1987, da amincewar hukumomin birnin, suka fara gwaji da mutum 22. Tsarin gwajin mai sauƙi ne, domin kuɗin da ƙaramar hukuma take kashewa wajen aiko ma'aikata ga kowane ɗayansu ne aka miƙa wa ƙungiyar, kowane ɗan ƙungiya kuma ya zama shi ne shugaban aikin mataimakansa, ƙungiyar tana riƙe musu lissafin albashi da haraji.

Ya kamata a lura cewa babban abin da gwajin ya sauya shi ne hannun da kuɗin suke bi ta cikinsa. Ma'aikacin da hukuma take biya, ga hukuma yake duban umarni, kuma duk kirkinsa, mai naƙasan yana gabansa ne a matsayin wanda ake yi wa alfarma. Amma wanda ya san cewa mutumin da ke kan keken nan ne ya ɗauke shi aiki kuma shi zai sa hannu a takardar awowinsa, dole ya saurari abin da aka ce masa. Hausawa sun riga sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma a kan wannan ƙa'ida aka gina tsarin baki ɗaya.

Dokar 1993 da yadda kuɗin suke gudana

Bayan rahoton wani kwamitin bincike na gwamnati da aka fi sani da kwamitin naƙasa na 1989, majalisar dokokin ƙasar ta zartar da dokar tallafi da hidima ga wasu masu naƙasa a shekarar 1993, lokacin da Bengt Westerberg yake ministan jin daɗin jama'a, kuma ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1994. Ana taƙaita sunanta da haruffa uku, LSS. Dokar ta jera nau'o'in tallafi guda goma, mataimaki yana ɗaya daga cikinsu, kuma ta shafi rukuni uku: masu tawayar fahimta da masu lalurar da likitoci suke kira otizim, wadda take shafar mu'amala da sadarwa; sai waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni bayan sun girma, sakamakon haɗari ko cuta; sai kuma masu wata naƙasa babba mai ɗorewa, ta jiki ko ta tunani, wadda ba tsufa ne ya jawo ta ba. Bambancin wannan doka da sauran dokokin jinƙai shi ne, wanda ya cika sharuɗɗa yana da haƙƙi, kuma idan aka hana shi zai iya kai ƙara kotu, ba a ce masa kasafin kuɗin bana ya ƙare ba.

Ana auna buƙatar mutum ne da awa a mako. Jami'i yana zama da shi ya lissafa lokacin da yake ɗauka a kan abin da doka ta kira buƙatu na asali, waɗanda tun farko su ne tsaftar jiki, cin abinci, sa tufafi da cire su, sadarwa da mutane, da kuma taimakon da sai wanda ya san mai naƙasan ciki da waje zai iya bayarwa. Idan waɗannan buƙatu suka wuce awa 20 a mako, nauyin biyan yana kan gwamnatin tsakiya ta hannun hukumar inshorar jama'a, wadda a harshen ƙasar ake kira Försäkringskassan; idan ba su kai ba, ƙaramar hukumar da mutum yake zaune ce za ta ɗauki nauyi, kuma ƙasar tana da ƙananan hukumomi 290. Da zarar mutum ya haye wannan iyaka ta awa 20, sai a ƙara masa awowi na sauran al'amuran rayuwa, kamar sayayya da girki da zuwa aiki da ziyarar 'yan uwa da renon yaransa. Tun daga shekarar 1997, ƙaramar hukuma ce take biyan kuɗin awa 20 na farko ko da mutum yana ƙarƙashin gwamnatin tsakiya, ita kuma gwamnatin ta biya ragowar.

Akwai siffofi uku na wannan kuɗi da suka cancanci a tsaya a kansu. Na farko, ba a duba samun mutum ko dukiyarsa ko ta iyayensa, kuma ba a karɓar ko kwabo daga hannunsa. Hikimar wannan ita ce, da za a rage tallafin duk lokacin da mai naƙasa ya samu albashi, to babu wanda zai nemi aiki, tunda duk abin da ya samu zai ƙare ne a biyan wanda yake kai shi wurin aikin. Na biyu, kuɗin suna bin mutum ne duk inda ya koma a cikin ƙasar, saboda haka yana iya barin garinsu don karatu ko aure. Na uku, gwamnati tana ƙayyade farashi ɗaya na kowace awa a kowace shekara, wanda ya kasance kurona (kuɗin ƙasar) 284 a 2015 kuma ya ɗan haura kurona 300 a 2020, kuma daga cikinsa ne ake biyan albashin mataimaki da harajin ma'aikaci da horo da gudanarwa, inda albashi da abin da ya rataya da shi suke cinye fiye da kashi huɗu bisa biyar.

Mai naƙasan yana da zaɓi huɗu wajen kashe kuɗin: ya bar wa ƙaramar hukuma ta shirya masa mataimaka, ya sayi hidimar daga kamfani mai zaman kansa, ya shiga ƙungiyar gama-kai irin STIL, ko ya yi rajista a matsayin mai ɗaukar ma'aikata da kansa. Doka ta yarda a ɗauki ɗan uwa, har da uwa ko miji, a matsayin mataimaki mai albashi, abin da ya mayar da wahalar da mata da yawa suke yi kyauta aiki mai lada da fansho. Ga waɗanda ba sa iya magana ko tsara al'amuransu, an kafa ƙungiyar JAG a farkon shekarun 1990, inda ake naɗa wa kowane ɗan ƙungiya wani amintacce da zai kula da ingancin hidimar a madadinsa. Abin lura shi ne, ko da yake ƙungiyoyin gama-kai ne suka haifi tsarin, kamfanoni masu neman riba ne suke riƙe da mafi yawan masu amfana a yau, waɗanda suke ɗaukar ma'aikata da kansu kuwa 'yan kaɗan ne, domin lissafin albashi da dokokin ƙwadago ba ƙaramin nauyi ba ne.

Tsada da abin da ya biyo bayanta

Lokacin da ake tsara dokar, gwamnati ta yi hasashen mutum kimanin 7,000 ne za su amfana, kowanne da kimanin awa 40 a mako. A shekarar farko masu amfana sun kai kimanin 6,000, amma matsakaicin awowinsu ya haura 60. Zuwa shekarar 2015 adadinsu ya kai kimanin 16,000, matsakaicin awowi ya wuce 120 a mako, jimillar kuɗin kuma ta doshi kurona biliyan 30 a shekara. Ɗalibi zai iya gwada lissafin da kansa: awa 125 a mako, a kan kurona 284, har mako 52, ya haura kurona miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas ga mutum guda. Akwai ma waɗanda awowinsu suka wuce 168, wato adadin awowin mako baki ɗaya, saboda suna buƙatar mutum biyu a lokaci guda wajen ɗaga su ko kula da numfashinsu.

Dalilan hauhawar suna da yawa. Ƙasar ta rufe manyan gidajen killace masu tawayar fahimta a ƙarshen shekarun 1990, wasu daga cikin mazaunansu kuma suka koma gidajen kansu. Daga shekarar 2001 aka yarda wanda ya samu tallafin kafin ya cika shekara 65 ya ci gaba da riƙe shi bayan haka. Yara masu lalura mai tsanani da a da ba sa daɗewa a duniya sun riƙa rayuwa saboda ci gaban likitanci. Akwai kuma zamba, wadda ba a musunta ta, domin kotuna sun hukunta wasu masu kamfanoni da iyalai da suka ƙirƙiri naƙasar ƙarya ko suka karɓi kuɗin awowin da ba a yi aiki a cikinsu ba. Wannan ya sa aka wajabta wa kamfanoni samun lasisi daga shekarar 2011, kuma daga Oktoban 2016 aka daina ba da kuɗin kafin aiki, sai bayan an gabatar da takardar awowin da aka yi. Sai dai masu kare tsarin suna da hujja mai ƙarfi da ba kasafai ake sa ta a ma'auni ba, wato adadin da ake ambata jimilla ce kafin cire abin da yake dawowa, alhali mafi yawan kuɗin albashi ne na dubun dubatan ma'aikata waɗanda suke biyan haraji, kuma mutumin da aka hana mataimaki ba ya ɓacewa, sai dai nauyinsa ya koma kan gidan kulawa ko asibiti ko kan uwar da za ta ajiye aikinta.

Abin da ya fi muhimmanci a wannan tarihi shi ne hanyar da aka bi aka tsuke tsarin, domin majalisa ba ta soke dokar ba, ba ta kuma ɗaga iyakar awa 20 ba. Ma'anar buƙatu na asali ce aka yi ta ƙuntatawa. A shekarar 2009 babbar kotun da take duba ƙararrakin da ake kai hukumomin gwamnati ta yanke hukunci cewa taimakon da ya shafi sirrin jikin mutum kai tsaye ne kawai za a ƙirga, kuma hukumar inshorar ta bi wannan fassara har ta kai ana lissafa mintunan kai loma baki amma ba a lissafa yanka abincin a faranti. Wani hukunci na shekarar 2015 ya taƙaita buƙata ta biyar, wato taimakon wanda ya san mutum sosai, ga masu lalurar tunani kaɗai, abin da ya fitar da yara da manya masu buƙatar a sa ido kan numfashinsu ko farfaɗiyarsu. A sakamakon haka, mutumin da jikinsa bai sauya ba ko kaɗan zai iya zuwa sabunta takardunsa ya tarar buƙatunsa na asali sun koma awa 17, ya rasa tallafin gwamnatin tsakiya gaba ɗaya. A shekarun da suka biyo baya ana ƙin amincewa da kusan takwas cikin goma na sababbin masu nema, adadin masu amfana kuma ya sauko ƙasa da 14,000 zuwa shekarar 2020. Sai da iyalai da ƙungiyoyi suka yi ta zanga-zanga kafin majalisa ta dakatar da sake tantancewar da ake yi duk shekara biyu a 2018, ta sa numfashi cikin buƙatu na asali a 2019, ta kuma ƙara ciyarwa ta bututu a 2020.

Raba nauyin tsakanin aljihu biyu ya ƙara dagula lamarin. Duk wanda gwamnatin tsakiya ta ƙi, ƙaramar hukuma ce take gadonsa, ita kuma tana da dalilin ba shi awowi kaɗan ko ta tura shi gidan haɗaka na masu naƙasa, kuma da yake ƙananan hukumomi sun bambanta a arziki da manufa, mutum biyu masu lalura iri ɗaya suna iya samun tallafi mabambanci ƙwarai saboda garin da suke zaune. Wannan aibi ne na tsari, kuma shi ya sa ƙungiyoyin masu naƙasa suka daɗe suna neman gwamnatin tsakiya ta ɗauki nauyin duka. Birtaniya ta ga irin wannan: ta kafa asusun zaman cin gashin kai a 1988, ta halatta wa ƙananan hukumomi ba masu naƙasa kuɗi a hannu da dokar 1996, amma a ƙarshen Yunin 2015 ta rufe asusun, a Ingila aka mayar da nauyin kan ƙananan hukumomi, yayin da yankin Sikotilan ya kafa nasa asusun ya ci gaba da biyan waɗanda suke ciki.

Inda batun ya shafi mai karatu

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda aka amince da ita a Disamban 2006, ta tanadi a sashe na 19 cewa masu naƙasa suna da 'yancin zaɓar inda za su zauna da wanda za su zauna da shi, kuma ta ambaci mataimaki a cikin hidimomin da ya kamata ƙasa ta samar. Kwamitin da yake sa ido kan yarjejeniyar ya fayyace a 2017 cewa kuɗin irin wannan hidima a ƙarƙashin ikon mai naƙasan ya kamata su kasance. Nijar ta tabbatar da yarjejeniyar a 2008, Najeriya kuma a 2010. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019 ta fi mayar da hankali ga hukunta wariya, da gyara gine-ginen jama'a, da ware kashi biyar cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, da kafa hukumar masu naƙasa ta ƙasa.

Babu mai hankalin da zai ce ƙasar da harajinta bai kai ya biya malaman makaranta yadda ya kamata ba za ta kwafi farashin Suwidin. Amma aikin mataimaki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin ɗan jagora da yake riƙe sandar makaho, da yaron da yake tura keken gurgu, da 'yar da take kwana a ɗakin mahaifinta mai shanyewar ɓarin jiki, duk wannan aikin suke yi, kuma ana biyan kuɗinsa, sai dai da sadakar bara da kuma karatun yaron da ya rasa ake biya. Ana son kowane ɗalibi ya nemi izinin wani mai naƙasa a unguwarsu ko danginsu, ya zauna da shi su lissafa awowin taimakon da yake buƙata a mako guda, ya rubuta wanda yake yin kowane aiki da abin da ya bari domin ya yi shi, sannan ya tambaye shi wanda zai zaɓa da kuɗin suna hannunsa. A zo da amsoshin a aji na gaba ba tare da an rubuta sunan kowa ba.